Harafi Ɗaya Ya Kai Ni Riyad

Tun da na dawo ba ni da sakat. A majalisa, a ƙofar masallaci, har wurin ɗaurin aure, tambayar ɗaya ce: "Malam Audu, wai da gaske ka je Saudiyya ka dawo ba ka ga Ka'aba ba?" Wasu marasa ta-ido har sun laƙaba mini Alhaji Riyad. To, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, bakina ya huta.

Ga wanda bai san mu ba, mu mutanen Gindin Tsauni ne. Kakanninmu a kan tsaunin suke zaune tun kafin a san wani abu wai shi gwamnati. Zamanin En'e aka sauko da su bakin hanya, don masu karɓar haraji sun gaji da hawa. Sun sauko, amma ba su saki sama ba. Can kaburburanmu suke, can ɗorawarmu take, kowace bishiya an san gidan da ke da ita. Da aka yi jiha, masu safiyo suka zo suka shata gandun daji, tsaunin ya faɗa ciki. Ba wanda ya ta da hankali, tunda malaman daji ba su taɓa hana mata hawa ɗiban ɗorawa ba.

Sai bana muka wayi gari ana sauke sandunan shinge. Gwamnatin jiha ta ba wani kamfanin noma wurin. Muka yi ta rubuce-rubucen ƙorafi, ni ne mai alƙalamin, tunda ni ne tsohon hedimasta kuma an san ba na haɗiye magana. Aka kafa kwamiti. Ranar zaman farko sakataren kwamitin ya zaro wata tsohuwar takarda ta yi ja don tsufa, ya tura mini. A kan tsauninmu an rubuta kalma ɗaya: Kufai. A ƙasa an fassara da Turanci, wai wurin da aka yashe, ba mai shi. Ga kuma dangwalen yatsan wanda ya yi wa masu safiyo tafinta, da sunansa: Ɗanjuma. Wallahi Ɗanjuman nan kawuna ne, wan mahaifiyata, wanda ya tafi aikin hajji shekara arba'in da wani abu bai sake waiwayo gida ba.

Sakataren ya ce, "Ranka ya daɗe, in mai yatsan nan ya warware maganarsa, za mu saurara. In babu, zama na gaba mu rufe fayil."

Na ce masa mai yatsan yana da rai, kuma zan kawo maganarsa ko a bangon duniya yake.

Ɗansa Yusuf, wanda aka haifa a can, shi ya nemo mini bizar ziyara. Kafin ta fito lokaci ya ci, kwana goma sha biyu suka rage a yi zama. Na rubuta takardar shaida tsaf, na sayi ɗan akwatin tawadar dangwale na jefa a aljihu. Da na je sallama, Inna mahaifiyata ta miƙo mini ƙullin daddawa a leda uku, ta ce, "Kada ka ba shi sai ya ƙi. Na san ɗan'uwana, zai ƙi." Ta faɗa mini saƙon da zan haɗa da shi, ta sa na maimaita har sau biyu kamar ɗan aji ɗaya.

Motar Kano ta ɗauke mu mu takwas a mazaunin mutum biyar. Ba mu yi nisa ba wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni ya fara hura hanci yana duba ƙarƙashin takalminsa. Na yi kamar ban gani ba. Da abin ya ishe shi ya ce, "Direba, anya ɓera bai mutu a motar nan ba?" Na ce, "Malam, wannan ɓeran shi ke gyara maka miya kullum." Mota ta ɗauki dariya, shi kuma bai sake yi mini magana ba har muka shiga tasha.

Jirgi ban taɓa hawa ba sai ranar. Ba zan ɓoye ba, da ya ɗaga na karanta duk abin da na haddace, har da wanda na manta. Mun sauka a wata ƙasa muka canja jirgi, na zauna awa biyar rungume da jakata ina kallon mutane iri-iri, ko ruwa na ƙi sha don kada in shiga banɗaki a kira jirgi ban ji ba.

A Riyad aka fara wasan. Jami'in shige da fice, saurayi ne da bai kai ɗana na biyu ba, ya nuna mini wani gilashi ya ce in ɗora yatsu. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ashe alli da fartanya sun cinye zanen yatsuna. Ya ɗiga mini wani ruwa mai sanyi na murza, ya danna hannuna da nasa, sai a karo na shida abin ya yi ƙara. Ina tsaye ina tunanin ikon Allah: na taso takanas saboda yatsan wani, ga nawa ya ƙi ba da shaida a kaina.

Wurin binciken kaya kuma daddawa ta tona kanta. Jami'in ya buɗe leda ta farko, ta biyu, bai kai ta uku ba ya ja da baya kamar an mare shi. Ya ce, "Esh haza?" wato mene ne wannan. Na tattaro Larabcin littafi da na koya a zaure, na zuba masa bayani. Ya kira abokinsa, suka tsaya suna saurarena suna murmushi, don ashe yadda nake magana sai ka ce mai huɗubar Juma'a. Ni kuwa fargabata ɗaya, in suka jefa ƙullin nan a shara ban san da wane ido zan kalli Inna ba. Na nuna baki, na nuna ciki, na ce "shurba", wato miya. Ya ɗaure ledar da kansa da sauri, yana kaɗa hannu, "Yalla, yalla!"

Yusuf na jirana a waje, dogo kamar ubansa, cikin farar jallabiya. Direba ne a wani ofis a Ulaya, unguwar dogayen benaye. Tunda taubashina ne, ina ganinsa na miƙa masa jaka na ce, "Karɓi kayan ubangidanka, bawa." Bawan Allah ya tsaya turus, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Yaya, ni na yi galat?" Wai ko ya yi kuskure ne. Hausarsa ke nan, rabi tamu rabi tasu. Sai da na zaunar da shi a mota na yi masa darasin wasan taubasai kafin ya saki rai. Kwana biyu bayan nan shi ya fara kirana bawa, har ya fi ni iyawa.

A gidansa na sauka, hawa na uku a Murabba, ɗaki biyu da falo. Abinci a ƙasa ake ci, faranti ɗaya, kamar gida. Shinkafarsu ta kabsa da kaza ba laifi, sai dai ba yaji, ba miya, haka za ka yi ta turawa a bushe. Abin da ya fi damuna shi ne ba a sallama a titi. Kowa yana cikin mota, gilashi a rufe, maƙwabci bai san maƙwabci ba. Na fita da safe neman wanda zan gaisa da shi, na dawo da gaisuwata.

Kawu Ɗanjuma yana wani ɗaki a bakin ƙofar gidan Larabawan da ya yi wa tuƙi tun yana da ƙarfi. Yanzu tsufa ya zo, sun bar shi yana ba shuke-shuke ruwa, suna sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, duk shekara. Da ya gan ni ya riƙe fuskata da hannu biyu ya ce, "Hancin Ladi ne wannan." Sunan Inna ke nan. Ya tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ya rasu, ta rasu, har na ji nauyin amsawa.

Ya ɗauko butar gahawa ya zuba mini a wani ƙoƙo kamar murfin kwalba, ko rabi bai cika ba. A raina na ce, yau ga rowa. Na kurɓe na miƙa, ya ƙara. Na kurɓe na miƙa, ya ƙara. Kunya ta hana ni cewa ya isa, shi kuma al'adarsu ba a tsayawa sai baƙo ya girgiza ƙoƙon. Sai da na sha tara Yusuf ya lura, ya kama hannuna ya girgiza. Ranar har la'asar hannuna rawa yake yi.

Wataƙila gahawar ce ta sa na yi garaje. Ko hutawa ban yi ba na zaro takarda da tawada na shimfiɗa masa zance. Ya saurara har na gama, ya naɗe takardar ya mayar mini. Ya ce, "Ba ni da abin faɗa, Audu." Washegari na koma, haka. Rana ta uku na koma, ya ce mini ana ta zafi bana.

Rana ta huɗu na kasa riƙe kaina. Na ce, "Kawu, shekara arba'in kana garin nan, har yau in ka fita ba iƙama a aljihu sai a kama ka. Jikokinka a nan aka haife su, baƙi ne. Kai ka zaɓi baƙunci, to mu me muka yi za ka mai da mu baƙi a kan kabarin iyayenmu?" Yusuf ya ce, "Haram, Yaya!" Kawu ya ɗauki tiyo ya koma wurin shukokinsa. Na san na yi rashin kunya, kuma na ji zafin abin, amma ban janye ba.

Kwana biyu ban je ba. Rana ta bakwai shi ya aiko, wai in shirya ya kai ni Dira, tsohuwar kasuwar gari, in yi wa Inna tsaraba. Na gane nufinsa, sallamata yake yi cikin mutunci. Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari. Na matsa gaba don in ga direba, sai na tarar da gilashi kawai da wasu mata suna ɗaukar hoto. Na ce, "Kawu, ina matuƙin?" Ya ce babu. Na nemi wuri na zauna na riƙe ƙarfe da hannu biyu har muka sauka.

A tsakiyar Dira akwai wani tsohon gini na ƙasa da suke kira Masmak, mai kauri, irin ginin kakanninmu sak. Ba mai kwana a ciki, amma an share, an gyara, mutane suna shiga da 'ya'yansu ana nuna musu. Na ce yadda Kawu zai ji, "Ka ga kufan da ya sami gata." Ya yi kamar bai ji ba, ya ja ni cikin kasuwa wurin wani abokinsa mai sayar da turaren wuta, dattijo mai suna Abu Sa'ad.

Wannan karon ƙoƙo biyu na sha na girgiza. Abu Sa'ad ya dube ni ya ce, "Wen diratak?" Kawu ya fassara mini, wai ina ne dirarka, wato ƙasar da asalinka yake. Ashe sunan unguwar ma ke nan. Na faɗa masa, na tambaye shi tasa. Dattijo ya gyara zama. Ya ce shi a tanti aka haife shi, cikin sahara, kusa da wata rijiya. Hukuma ta zaunar da su a gari, aka yi makaranta da asibiti, ba ya kuka da wannan. Rijiyar ta daɗe da ƙafewa, ba kowa a wurin. Amma duk shekara in sanyi ya zo sai ya kwashi 'ya'ya da jikoki su je su kafa tanti kwana uku, ya sa kowane yaro ya faɗi sunan rijiyar da sunan kakan da ya haƙa ta. Sai ya juya ga Kawu yana dariya ya ce, "Kai kuwa ya Juma, shekara nawa muna tare, ba ka taɓa faɗa mini sunan taka dirar ba." Wannan ban buƙaci tafinta ba. Kawu ya ajiye ƙoƙonsa ya miƙe, ko turaren ba mu saya ba.

Muka zauna a wani benci a inuwar ginin ƙasar nan. Sai ya ce, "Audu, kai malamin makaranta ne. Ka taɓa jin ɗan Gindin Tsauni ya ce zai hau kufai?"

Na yi tunani. Na ce, "A'a. Sai dai kufanmu, ko kufan Tanko, ko kufan su Ayya."

Ya ce, "To ni na ce kufai. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya datse ni. Ni kaɗai na yi aji huɗu a garin, dattawa suka tura ni gaba. Mai safiyo ya nuna sama ya ce can fa? Da ubana aka tambaya, da sai ya lissafa gida-gida har rana ta faɗi. Ni kuwa ina so a ga na waye, kada in tsaya surutun ƙauye gaban ma'aikata. Na ce kufai ne. Ya rubuta, na dangwala, ina jin daɗi. Bayan shekara biyu wani malamin daji ya karanta mini abin da aka fassara. Ban faɗa wa kowa ba. Da hajji ta zo na tafi."

Harafi ɗaya! Ni da na shekara talatin ina koya wa yara bambancin gida da gidan wane, ban lura da shi a takardar ba. Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni, amma ban manta abin da ya kawo ni ba. Na zaro takarda da tawada na ɗora a gwiwarsa. Ya dubi babban yatsansa ya ce, "Wannan ba zai ƙara magana a madadin bakina ba." Ya ture.

Na ga ta ƙare. Da muka koma na buɗe jaka na ɗauko ƙullin Inna na ajiye gabansa. Na ce, "Inna ta ce in gaya maka, daga ɗorawar Ayya ce, uwarku. In shinge ya zagaye, ita ce ta ƙarshe. Ta ce ka ci a hankali." Bai buɗe ba, ai ba sai an buɗe ba. Ya ɗora a cinya ya dafe da hannu biyu, na fita na bar shi.

Washegari da hantsi ya zo gidan Yusuf da ƙafarsa, fasfo a hannu. Ya ce a je wurin kafil, wato maigidan da ya tsaya masa, a nemo masa izinin fita. Yusuf ya ce, "Huruj wa auda, Baba? Fita da dawowa?" Ya ce, "Fita kawai." Yusuf ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Nan ne maganar Makka ta shigo, ku da kuke tambaya. Yusuf ya ce in tafi in yi umara kwana biyu kafin takardu su fito. Amma jirgin da zai kai mu gida kafin zama ɗaya ne, kuma na ji tsoron in juya baya Kawu ya canja shawara. Na zauna na tsare shi kamar madara a kan wuta. Ranar da jirgi ya ɗaga da mu na san ina barin ƙasar da Ɗakin Allah yake ban gan shi ba, na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. In da rabo zan koma, in babu Allah ya san abin da ya hana.

Mun iso ana gobe zama. Yadda suka haɗu da Inna ba zan faɗa ba, nasu ne. Da safe a sakatariya shugaban kwamiti ya ce dattijo ya yi bayani. Kawu ya ce shi ba zai yi magana a ɗaki ba, a kan tsauni aka yi tambayar, can za a ba da amsa. Suka yi ta duba agogo, amma gari guda ya cika harabar, dole suka bi mu. Sau huɗu yana hutawa kafin mu kai sama, ina riƙe da hannunsa.

Har yau ba a yanke hukunci ba, kada wani ya ce na ce mun ci. Amma ba a rufe fayil ba, sandunan shinge suna nan a jibge inda aka sauke su, kuma duk zaman da za a yi za su same ni a layin gaba.

A can sama shugaban ya share gumi ya buɗe tsohuwar takardar ya ce, "Baba, an rubuta ka ce wurin nan kufai ne. Haka ne?"

Kawu ya ce, "Haka na ce. Ban ƙarasa ba ne. Yaro," ya dubi sakataren, "ɗauki alƙalami, kada ka ɗaga sai na gama."

Ya fara tafiya yana nuni da sanda. Kufan Tanko, ga jikarsa can mai jan mayafi. Kufan Barau maƙeri, ga duwatsun murhunsa. Kufan su Ayya, ga ɗorawarta, ga kabarinta. Duk sunan da ya kira sai wani ya amsa daga cikin taro, "Ga mu!" Sakataren ya cika shafi ya juya baya, ya cika, ya ari takarda wurin shugaba. Gida talatin da ɗaya Kawu ya lissafa, bai yi tuntuɓe a ko ɗaya ba.

Daga ƙarshe ya tsaya a wata da'irar duwatsu da ciyawa ta rufe. Ya soke sandarsa a tsakiya, ya saki hannuna.

Ya ce, "Nan aka binne cibiyata. Rubuta kufan Ɗanjuma. In kuma mai shi kuke nema, ga shi tsaye."